Hoton Ramuwar Babarbare

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya raɓo ya zauna: "Malam Buba, wai da gaske an leƙa cikin kan Alhaji Modu?" In sallami wannan, in waiwaya, ga wani. Har mutumin da ban taɓa ɗinka wa ko aljihu ba yanzu ya san hanyar rumfata. To na gaji. Zan rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya a miƙa masa ya karanta da kansa. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya kai ƙara wurin malamin da ya kore ni daga aji huɗu, yana nan kwance a maƙabarta, ba ya zuwa ko'ina.

Ga wanda bai san mu ba, ni Bafillace ne, tela a kasuwar Azare. Alhaji Modu Babarbare ne mai sayar da huluna, rumfarsa tana kallon tawa. Ya zo garin nan daga wajen Yobe yana saurayi, ba shi da komai sai tsagar fuska da baki. Ranar da ya sauke kayansa na leƙa na ce, "Wa ya saki bawana ba da izinina ba?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Yaro, je ka kira mai rumfar, ka ce ubangidansa ya iso." Daga ranar muka ɗaura. Kowa ya san wasan Fulani da Barebari, amma namu har ciniki ake bari a tsaya ji. Gemunmu ya yi fari muna abu ɗaya. Ban taɓa kiransa aboki a gabansa ba, kuma ba a takarda zan fara ba.

Ciwon da kalma ya fara. Wata ran kasuwa wani ya zo sayen hula, Modu ya ɗaga ta ya ce, "Wannan takalmin zai yi maka daidai." Na yi dariya har na soki yatsana da allura. Shi bai yi ba. Ya tsaya yana kallon hular kamar yau suka fara haɗuwa. Daga nan sunayen abubuwa suka riƙa zube masa. Buta ta koma "abin nan". 'Yarsa Falmata, wadda ke koyarwa a kwaleji, ta koma "ke wance". Hannun dama ya fara sakin kofi. Abu ɗaya ne bai ɓace masa ba, zagina. In na tsokane shi sai amsa ta fito sumul, ba gargada. Shi ya sa na daɗe ina cewa iskanci ne kawai na Barebari. Sai ranar da ya faɗi a bakin rumfa yana karkarwa, muka taru a kansa, na daina cewa haka.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi, sannan Falmata ta ce a tafi asibiti a ɗauki hoton kai. A nan garinmu aka fara, da wani inji mai kama da ƙaton zobe, wai shi siti sikan. Na tambaye ta ta ina za a buɗe kan.

Ta ce, "Baffa, ba a buɗewa. Ka san hoton ƙashi da ake yi wa wanda ya karye? To irin haskensa ne, sai dai wannan zagaya kan yake yi, ya ɗauka ta kowane gefe, kwamfuta ta jera su yanka-yanka kamar an yanka burodi."

Na ce, "Ba wuƙa?"

Ta ce, "Ba wuƙa."

Kafin in gama gyara zama an fito da shi. Likita ya ɗaga baƙar takardar a gaban fitila, ya nuna wani wuri sama da kunnen hagu, ya ce akwai abin da bai kamata ya kasance a nan ba. Na ce alhamdu lillahi, an dai samu wani abu a ciki, ni da na sha rantsuwa cewa wayam ne. Modu ya kalle ni ya ce, "Naka ko wuta ba za a ɓata ba." Likita ya yi dariya, Falmata ta juya fuska bango.

Na ce wa likitan hannun dama ne ya mutu, me ya kai shi hagu? Ya ce haka Allah ya yi mu, gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tuƙa gefen dama na jiki, kuma ga yawancin mutane a nan hagun magana take zaune. Ya ce wannan injin gwani ne wajen ganin jini da ƙashi, amma nama mai laushi sai wani na Kano ya fi fito da shi. Ya rubuta mana takarda.

Muka kama hanyar Kano da sassafe, mu uku da direba. Modu a gaba, don wai shi ne maigida. Mun wuce Jama'are da Kiyawa lafiya. A wani shinge bayan Shuwarin wani jami'i ya leƙo ya ga ƙatuwar ambulan a cinyar Falmata, ya ce mene ne a ciki. Ta miƙa masa. Ya zaro hoton, ya ɗaga shi a rana, a kife, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Hajiya, wannan goro ne aka fasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kan wancan tsohon ne."

Ya kalli hoton, ya kalli Modu. Sai ya mayar da shi cikin ambulan a hankali, ya miƙo da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lafiya, mahaifinsa ma haka ya yi. Bai ƙara tambayar komai ba. Muka wuce, muka miƙi hanyar Wudil.

A Kano gidan ƙanwar matar Modu muka sauka, aka ba mu ɗakin zaure ni da shi. Mutanen Kano ba su da laifi, sai dai suna gaisawa kamar ana binsu da gudu. A asibitin nan aka fara da wani gwaji da suke kira i-i-ji. Aka cire wa mai huluna hula, aka shafa masa wani abu kamar koko, aka manna masa wayoyi ko'ina a kai. Mai aikin ya ce ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, ɗan kaɗan, wayoyin saurare kawai suke yi, ba sa ba da wuta. A allon sai ga layuka suna tafiya suna rawa kamar ɗinkin ɗan koyo. Ya nuna inda suke tsalle ya ce daga nan faɗuwar take tasowa. Na ce in dai da wuta a kan Babarbare a ja mana layi zuwa kasuwa. Modu ya buɗe baki zai rama, mai aikin ya ce a yi shiru. Ya haɗiye, idonsa a kaina.

Sannan babban injin, em-ar-ai. Da na ji sunan na ɗauka wani Balarabe ne za mu gani. Ashe rami ne dogo a kwance, a tura mutum ciki har kafaɗa. Ba haske yake amfani da shi ba, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske. Yadda na fahimta, ruwan da ke jikin mutum yake tsokana, ruwan ya amsa, injin ya ji amsar ya zana hoto da ita. Saboda maganaɗisun ko allura ba a shiga da ita. Aka tsare Modu da tambaya: akwai ƙarfe a jiki? An taɓa yi maka aiki? Ya buɗe baki ya nuna haƙorin Makka. Aka tara mutum uku a kan haƙorin nan, aka ƙwanƙwasa, aka yi shawara, aka ce zai iya shiga da shi. Ni kuwa da na ce zan raka shi, aka zaro almakashi daga aljihuna, da matsefata, da allurai biyu a jikin hula. Matar da ke caje mu ta ce, "Baba, kai kam a waje." Ta bango nake jin ƙarar, kamar injin niƙa da maƙera sun yi faɗa. Can aka fito da shi aka yi masa allurar wani ruwa mai sa wurin ciwo ya fito fili, aka sake mayar da shi.

Wannan hoton ko ni na gane shi. Ga ƙwaƙwalwa da lanƙwashe-lanƙwashenta, ga wani abu kamar ƙwallon goruba ya ture ta gefe. Likita ya ce ƙari ne. Ya ce yana zaune a unguwar magana, kuma ba wanda zai sa wuƙa a nan sai ya san takamaimai ina maganar take, don ba daidai take a kan kowa ba. Akwai hoton da ke nuna haka, ya ce, amma gara a yi shi inda za a yi aikin.

'Ya'yan Modu suka taru suka yanke shawarar Masar. Shi ya ce ba ya zuwa. Aka yi lallashi, aka kira limamin unguwa, ya ƙi. Daga ƙarshe ya nuna ni da hannun hagu ya ce, "Wa zai riƙe... abin nan... na alwala?" Wato ba zai tafi ba sai da mai ɗaukar masa buta. Haka aka sabunta min fasfon da na je Hajji da shi, na bi Babarbare ƙasar Fir'auna a matsayin bara. Na rubuta a zuciya cewa zan rama.

A jirgi ba abin labari, sai abincin da aka kawo a ɗan akwati, wanda ko kyanwa ba za ta gode ba. A filin jirgin Alƙahira ne na jawo mana. Muka iso gaban jami'in da ke buga hatimi, Modu a keken marasa lafiya, ni ina turawa. Falmata ta yi masa bayani da Turanci cewa wannan mahaifinta ne. Ya nuna ni, ya tambaya da Larabci, wannan fa? To ni na yi makarantar allo, kuma ba zan tsaya mace ta yi magana a kaina ba. Na dafa kafaɗar Modu na ce, "Huwa abdi." Wato bawana ne.

Mutumin ya ajiye hatimin.

Aka kai mu wani ɗaki mai kujeru na ƙarfe. Wani mai taurari a kafaɗa ya zo. Falmata tana bayani, gumi yana karyo mata, tana cewa wasa ne, al'ada ce, kakanninmu ma haka suka yi. Mai taurarin ya durƙusa gaban Modu ya tambaye shi a hankali ko gaskiya ne mutumin nan ya mallake shi. Modu, wanda tun da muka hau jirgi bai haɗa kalma uku ba, ya ce da Larabcinsa na tsangaya, "Kazzab. Huwa abdi ana." Wai ni maƙaryaci ne, ni ne bawansa. Mai taurarin ya kalle ni, ya kalle shi, tsofaffi biyu kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ya dafe goshi, ya ce a buga mana hatimi mu tafi. A mota Falmata ta ce, "Baffa, don girman Allah, daga yau ka bar Larabci."

Masaukinmu a hawa na bakwai yake, gidan wani dattijo, Malam Usman, mutumin Sudan wanda kakanninsa Hausawa ne da suka tafi Hajji a ƙasa ba su dawo ba. Shi ne kuma tafintanmu. Hausarsa irin ta mutanen da ce, ka ji kamar kakarka ta tashi. Ya ce a wurinsu duk wanda ya fito daga ƙasarmu Fallata ake ce masa, wato Bafillace. Na ce ya maimaita. Ya ce Fallata. Na ce har wannan mai tsagar? Ya ce har shi. Ban taɓa jin daɗin wata ƙasa kamar ranar ba. Modu ya rufe ido ya yi kamar barci.

Mutanen Alƙahira ba sa zama a ƙofar gida, don ba su da ƙofar gida, kowa a sama yake kamar tantabara. Mace za ta zuro kwando da igiya daga taga, mai burodi ya saka mata, ta janye. Maza suna sumbatar juna a kumatu, amma ba mai tambayar ka iyali da gajiya da kwanan gida. Direbobinsu da oda suke magana. Shayi a ɗan gilashi, ba madara, baƙi kamar maganin shawara. Da safe wake, da rana wani abu da suka haɗa shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar an share rumfar mai awo. Wata rana matar Malam Usman ta kawo wata koriyar miya tana yi mana bayanin darajarta. Na ɗanɗana na ce, Hajiya, ai lalo ne, a bayan gidanmu yake fitowa. Modu ya sha ta sosai. Ita ce kaɗai abin da ya ci da marmari a ƙasar. Ni nake ba shi a baki, don hannun ya riga ya tafi.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta yi bayani, Malam Usman yana juyawa. Ta ce injin irin na Kano ne, amma wannan karon ba siffar ƙwaƙwalwa kaɗai za a duba ba, aikinta za a duba. Duk wurin da ke aiki, jini yakan ruga can ya kai masa abinci, injin kuma yana gane inda jinin ya taru. Na ce na gane, kamar 'yan acaɓa ne a tashar Azare, in kana so ka san inda mota ta sauke fasinja duba inda suka yi cincirindo. Da aka juya mata ta ce haka ne, ba ta da abin ƙarawa. Don haka za a sa shi ya yi magana a zuci, ba da baki ba, don in kai ya motsa hoton ya lalace. Inda ya kama, nan maganar take. In tana nesa da ƙarin, a yanke shi. In tana jikinsa, wannan wani zance ne.

Aka shigar da shi, aka riƙa nuna masa hotuna ta wani madubi, wai ya faɗi sunansu a ransa. Daga baya na ga hotunan. Akwai wani jan 'ya'yan itace mai ƙuraje, akwai wani akwatin kiɗa mai haƙora, akwai mutum a kan katako yana zamewa a farar ƙasa. Ko ni mai lafiya ban san sunan ɗaya ba. Hoto ya fito ba komai. Aka ce to Falmata ta yi masa tambayoyi ta abin magana. Ta fara da, "Baba, ina ne garinku?" sai murya ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta ajiye ta fita. Likita ta ce a bari sai gobe, in bai yiwu ba kuma sai dai a haƙura da hoton.

A baranda muna jiran mota, Modu ya sunkuyar da kai, ya yi laushi kamar tsumma. Ban san abin da zan ce masa ba, sai na ce abin da na saba. Na ce, "An kawo ka ƙasar masu ilimi ka ba mu kunya. Injin ya duba ya duba bai samu kowa a gida ba."

Ya ɗago ya ce, "Gidanku ya je. An ce kun yi ƙaura da tabarma ɗaya."

Likitar tana wucewa. Ta tsaya cak. Ta tambayi Malam Usman me ya ce, don tun zuwanmu ba ta ji ya yi magana mai tsawo haka ba. Malam Usman ya ce ba zai iya juya wannan ba, shi dattijo ne. Falmata ce ta yi mata bayani, har da labarin filin jirgi. Likitar ta sa tabaranta ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce gobe in zo da bakina.

Washegari aka caje ni, aka zaunar da ni a ɗakin masu aiki, gilashi tsakanina da shi. Ba na ganin komai nasa sai tafin ƙafa. Aka sa masa abin ji a kunne. Likita ta ce in ta ɗaga hannu in yi magana, in ta sauke in yi shiru, haka za mu yi ta yi, don injin ya gwada lokacin magana da lokacin hutu. Falmata ta gaya masa sharaɗi: duk abin da Baffa ya ce ka rama, amma a zuci, kar ka motsa ko leɓe.

Jama'a, ku duba wannan al'amari. Tun ina saurayi nake roƙon Allah ya ba ni rana ɗaya da zan zagi Babarbare a hana shi ramawa. Sai ga ta, har da ma'aikata.

Hannu ya tashi. Na ce, "Modu, an ce ba wanzami ne ya yi maka tsagar nan ba, kaza ce ta same ka kana barci." Hannu ya sauka. Injin yana ta dukansa. Hannu ya tashi. Na ce, "Rabin hulunan da ke kan mutanen Azare tsofaffi ne ka wanke ka buga, yau zan tona." Na ce shi ne ya je Mina yana neman burabusko. Na ce ko sunan ubangidansa bai iya faɗa daidai ba, Buba ne ba Buwa ba. Ma'aikatan ba sa jin Hausa, suna ta kallon allo da fuskar jana'iza. Malam Usman ya toshe kunne yana istigfari.

Can wajen ƙarshe hannu ya tashi, na buɗe baki, ba komai. Ni Buba, zagi ya ƙare min. Na saba in na jefa a jefo min, a kan amsarsa nake ɗora ta gaba. Yanzu ina jefawa cikin rami. Likita tana kaɗa hannu. Na kalli ƙafafun nan biyu a bakin injin, sun rame, na ce, "Dubi faso kamar gonar da ta shekara ba ruwa." Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Babban yatsansa ya ɗan motsa.

Da aka fito da shi na ce, "To me ka ce?" Ya yi murmushi da rabin baki ya ce, "Jira."

Kwana biyu bayan haka likita ta kira mu. Ta ce hoto ya yi kyau ƙwarai, ta gode min. Ta kunna allo. Ga ƙarin nan toka-toka, ga wani wuri ja da rawaya kamar garwashi. Ta ce wannan shi ne lokacin da yake ramawa. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe yana nan. Sai na lura ba wanda ya yi murna. Garwashin a jikin ƙarin yake, ya zagaye shi, har ya shiga cikinsa, yadda kauci ke kama reshe. Ta ce in ta cire duka, maganar za ta tafi tare da shi, wataƙila har da gane abin da ake gaya masa. In ta cire kaɗan, zai dawo. Aikin zai iya ƙara masa kwana, amma ba ta yi alkawarin zai tashi da kalma ko ɗaya ba. In an bar shi, da magani da gashi, wato ƙona ƙarin da hasken inji, za a iya rage masa gudu, maganar kuma za ta tafi a hankali.

Wato da na yi shiru da hoton bai fito ba. Bakina ne ya nuna musu inda ba za a taɓa ba.

Falmata ta durƙusa ta maimaita masa da Hausa, sannu a hankali, har sau biyu. Ta ce, "Baba, kai za ka zaɓa." Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Wannan... yana magana... ni shiru?" Ya girgiza kai. "Gida."

Falmata ta ce, "Baba, ka yi tunani."

Ya ce, "Gida."

Ta tashi ta gode wa likita, ta karɓi magunguna da takardar da za a kai Kano don gashi. Ni na tura keken. A cikin lif na ga fuskata a madubi, na juya mata baya.

Dawowa ba ta da labari. Malam Usman ya raka mu har filin jirgi, ya ce in mun isa mu gaishe masa da ƙasar, duk da bai san ko wane gari ne nasu ba. Mun yi makonni a Kano ana gashi, gashin kansa ya zube ta gefe ɗaya, na ɗinka masa hula mai laushi, ya karɓa ya juya ta ya duba ɗinkin ya taɓe baki. Kullum kalmomin suna raguwa. Na sha tambayarsa abin da ya ce a cikin injin, sai ya ɗaga hannu, wato in dai jira.

Ranar da muka taho gida, dab da gadar Jama'are, garken shanu ya tare hanya. Direba ya tsaya. Suna ta wucewa, farare, masu dogon ƙaho, ɗaya ta tsaya ta leƙo ta tagar da Modu yake. Ya dube ta, ya juyo da ƙyar ya dube ni a baya.

Ya ce, "Gaishe da... yayarka."

Direba ya yi dariya har ya kifa kai a sitiyari. Ni na ce zan ba shi amsa in mun isa. Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Yanzu yana kwance a zaurensa. Yana ci in an ba shi, yana bin mutum da ido. Masu zuwa dubiya suna zama su yi addu'a, su yi magana a kansa kamar ba ya wurin. Ni kuwa kullum bayan la'asar nakan rufe rumfa in je in zauna a gefen katifar, in faɗa masa abin da ya samu, in yi shiru in ba shi fili. Na san wasu na cewa Malam Buba ba shi da tausayi. Su ba su ga abin da na gani a allon nan ba.

Jiya ina zaune, na gama gaya masa cewa tun da ya kwanta kawunan mutanen Azare suka huta, sai ga wani maƙwabcinsu, mutumin kirki, ya shigo da sallama. Ya tsugunna kusa da ni ya rage murya.

Ya ce, "Malam Buba, ka yi haƙuri, amma ai da ka bar wahalar da kanka. Alhaji ba ya..."

Na ce, "Dakata, Malam. Yana cikin magana ka katse shi."